Gajere ya ƙi barin bayan firji

Yaya,

Na wuce wurin aiki, ban so in tashe ki ba. Tun da safe ɗan karen nan namu, Gajere, yake ta haushin bayan firji. Na ba shi abinci, ko kallo bai yi ba. Na zaci ɓera ne, amma ɓera ai binsa yake yi. Yau kuwa baya yake ja, jikinsa na rawa. Na ɗan ji ƙaurin waya, sai na zare firjin. Ko wuta ce, ko maciji, ban sani ba.

Ki kira mai gyaran wuta, ya zo da tocila da doguwar sanda. Na san halinki, don Allah kada ki leƙa. Gajere bai taɓa yi mana ƙarya ba.

Ƙanwarki