Kujerar Babban Akawu

Litinin, 4 ga Maris, 1974

Babban akawunmu zai yi ritaya ƙarshen wata. Mutum biyu ne kawai ake ambata a kan kujerar, ni da Maliki. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, shekara goma sha uku ke nan. Ranar bai zo da alƙalami ba, na miƙa masa nawa na ce ya fara sa hannu a rajista. Kara na yi masa. Shi ke nan sunansa ya hau kan nawa, kuma a al'adar ofishinmu wanda ke sama shi ne babba. Layi ɗaya tak! Tun daga nan komai shi ake fara ba. Shi ya fara zuwa kwas, shi ya samu gida a Malali, ni ina nan Unguwar Shanu muna rububin famfo da maƙwabta.

Laraba, 6 ga Maris

Ya zo da sabuwar hula, kai ka ce an riga an ba shi. Na ce ta yi kyau. Ba ta yi ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Na yi ta maza na shiga wurin Alhaji Balarabe, sakataren da ke kula da ma'aikata. Na ce, "Ranka ya daɗe, in daɗewa ce kawai, to a ba kabad ɗin fayil, ya girme mu duka." Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce shi ma abin ya daɗe yana damun sa, in rubuto shawara.

Na rubuta shafi uku: a daina duba wanda ya riga zuwa, a gwada mutane da aiki na gaske. Ban ambaci Maliki ko sau ɗaya ba, amma kowane layi da shi nake.

Talata, 12 ga Maris

Kwamiti ya karɓi shawarata. Za a ba kowannenmu fayil goma iri ɗaya, a rubuta abin da ya kamata a yi da kowanne.

Matata Hansai ta ce, "Malam, in kuma ya ci fa?" Mace ba ta san ofis ba. Mutumin da rabin safiyarsa ke ƙarewa a kan bencin masinjoji, yana ɓantarar goro da Baba Dauda, tsohon masinjanmu, suna labarin zamanin Turawa? Rubutunsa ma sai ka ce kaza ta bi ta kan takarda.

Alhamis, 21 ga Maris

An yi gwajin. Ni aka fara ba, na gama kafin sha ɗaya, ko gogewa ɗaya babu. Cikin fayilolin har da na Baba Dauda, da takardar kokensa cewa sau biyu ana tsallake shi a muƙamin babban masinja. Wannan ai ba wuya. Fayil ya nuna shekara tara, waɗanda aka ba sun fi goma sha biyu. Na rubuta a ba shi haƙuri.

Maliki kuwa sai ya nemi izinin zuwa ɗakin tsofaffin fayiloli. Ya dawo wajen ƙarfe biyu, ƙura har gira, sabuwar hular ta yi butu-butu. Na ji daɗi, Allah Ya yafe mini.

Litinin, 25 ga Maris

Shiru. Na kasa cin tuwo.

Litinin, 1 ga Afrilu

Shi aka ba.

Na miƙa masa hannu na yi murna, haƙorana a waje. Ya riƙe hannun ya ce, "Mutumina, da ba don takardarka ba, da har abada cewa za a yi layi ne ya ba ni." Godiya yake yi mini! Da zagi na ya yi da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 3 ga Afrilu

Na je na tambayi Alhaji inda na gaza, don ina zargin an yi rufa-rufa. Sai ya turo mini fayil biyu ɗaure da zare ɗaya.

Ashe Baba Dauda tun 1956 yake aiki. A sashen da aka fara ɗaukar sa, da sunan garinsu aka rubuta shi, Dauda Giwa, kamar yadda ake yi wa mutane da yawa. Da aka maido shi wurinmu a 1965, wani akawu ya tambaye shi sunansa, ya faɗi na mahaifinsa, Dauda Mamman. Akawun bai ƙara tambayar komai ba, ya buɗe sabon fayil. Shekara tara ta tsohon ta ɓace a nan, shi kuwa ba ya karatu balle ya gani. Maliki ya ga tara a takarda, ya tuna mutumin nan yana ba shi labarin Turawan mulkin da ya kai wa saƙo kafin samun 'yanci, ya san lissafin bai haɗu ba.

Na duba bangon fayil na biyun. Rubutu mai kyau, a tsaye, ko gogewa babu. Nawa ne.

Alhaji ya ce a gaban kwamiti an tambayi Maliki wa ya buɗe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ofis ne ya buɗe." Maliki ya san rubutuna fiye da fuskar 'ya'yansa.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Haushi nake ji, kuma ban san na wa ba. Wa ya roƙe shi ya rufa mini asiri? Yanzu ga kujera ya samu, ga lada. Ko a nan ma sai da ya riga ni.

Baba Dauda ya rusuna ya gaishe ni da safe kamar kullum. Ya ce an ce za a gyara masa takardunsa, in taya shi godiya wurin manya. Gemunsa duk ya yi fari. Na ce to, Baba.

Asabar, 6 ga Afrilu

An tashi rabin rana, ban tafi ba. Na ɗebo duk fayilolin da na buɗe daga 1965 zuwa bara, na bi su ɗaya-ɗaya. Ba don kowa ba, don kada gobe Maliki ya sake tono wani ya sake yi mini alheri. Na samu biyu masu irin wannan kuskuren, direba ɗaya da mai gadi ɗaya.

Litinin, 8 ga Afrilu

Na kai wa Alhaji fayilolin biyu, na haɗa da na Baba Dauda, na ce duk hannuna ne, a rubuta haka. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce wannan aikin babban akawu ne, in kai masa.

Na tsaya a bakin ƙofar Maliki ya fi minti biyar. Da na yi sallama ya miƙe tsaye zai ba ni kujera, na ce ya zauna, wurinsa ne. Muka yi awa guda a kansu. Wani abu da ban gane ba a na direban na tambaye shi, ya nuna mini. Bai yi wuyar tambaya ba kamar yadda na zata.

Har yanzu ina son kujerar, ƙarya ne in ce ba na so. Amma da Hansai ta tambaye ni ko an cuce ni, na buɗe baki zan ce i, sai na ji na ce ta miƙo mini ruwa.