Kilishi a Jakar Yaya Habu

Talata da dare, a garin Laurel

Barci ya ƙi zuwa. Yau ne daren Yaya Habu na farko a sansanin kallon namun daji, can cikin hamadar Namibiya, inda waya ba ta shiga. Ranar tafiyarsa na cusa masa kilishi a ƙasan jaka, ƙarƙashin sallaya, saboda ya ishe mu da cika bakin ya daina cin nama. So na yi ya gani, yawunsa ya tsinke, in samu abin tsokana.

Ɗazu matarsa, Anti Maryam, take ce min, "Wai an hana su kwana da nama a tanti. Kuraye har yadin suke yagawa."

Ruwan da nake sha ya sarƙe ni.

"Lafiya, Bala?"

"Lafiya lau, Anti."

Na kira wayar Yaya, na sake kira, shiru. Na karanta Ayatul Kursiyyu na tofa gabas, ban ma san ko ta nan Namibiya take ba. Abin da nake riƙe da shi kawai, Yaya ba ya wasa da salla. Allah Ya sa ya ɗaga sallayar nan kafin kura ta riga shi.