Ɗakin Mama a Kusfa

Kaduna,
Litinin.

Zuwa ga Yaya Joan,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kina lafiya, ke da yara da aikin makaranta. Na kira ki har na gaji ba ki ɗauka ba, shi ya sa na ba direbana wannan takarda ya kawo miki Wusasa.

Albishirinki. Kin san tun da mantuwar nan ta kama Mama ta ƙi zaman gidana, ta ƙi naki, ta ce ita sai gidan da aka haife ta a Kusfa, wajen Batul 'yar Kawu Shehu. Na haƙura, amma abin na ci mini rai. Ni Fredrick, da na fara da ɗaukar kwanon siminti a ka, yau nake gina wa manya benaye, a ce uwata na kwana a ɗakin ƙasa, ƙofa sai an sunkuya? To, da aka kwantar da ita a asibiti kwanan baya, sai na tura yarana magina. An yaɓe bangon da siminti, an yi farin fenti, an sa tayil da silin da fanka, an ɗaga ƙofar, an buɗe babbar taga. Alkukin nan na bango da take ajiye fitila da tarkace na sa an toshe, gidan kyankyasai ne kawai. Batul ta so ta yi magana, na ce taubashiya, ki bar wa masu sana'a sana'arsu.

Na roƙi Baba Kanon, limamin cocinmu, ya ba ni fili ranar sujadar godiya in ba da shaida, mutane su ga abin da Allah ya yi ta hannuna. Ki gaya mini me Mama ta ce da ta ga ɗakin.

Ƙaninki,
Fredrick.

*

Wusasa,
Laraba.

Fredrick,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Muna lafiya. Ban ɗauki wayarka ba ne don ina tsoron abin da bakina zai faɗa.

Ka tambayi abin da Mama ta ce. Ni na dawo da ita daga asibiti. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta miƙa hannu tana laluben bango yadda ta saba, ta ji santsi. Ta nemi alkuki ba ta samu ba. Sai ta juyo ta ce mini, “Ashe ba a sallame mu ba?”

Tun ranar ba ta shiga ɗakin ba. Ta ƙulle zannuwanta a ɗankwali ta koma zaure, wai tana jiran motar da za ta kai ta gida. Ba ta barcin kirki, abinci sai an yi da gaske. Sunayenmu sun daɗe da ɓace mata, Fredrick, amma ɗakin nan hannunta ya san shi. Shi kaɗai ya rage mata.

Ban ce ba ka ƙaunarta ba. Amma ba ka tambayi kowa ba, ko Allah ban jin ka tambaye shi.

Yayarka,
Joan.

*

Kaduna,
Lahadi.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta takardarki a wajen aiki, na yi wa wani lebura tsawa a kan laifin da bai yi ba.

Da farko na rubuta miki amsa mai zafi. Na ce ina kuke lokacin da damina ke zubo mata da ƙasa a kan gado? Na ce aikin ba shi da aibi, ko injiniya ya zo ya duba. Na yage ta. Aikin ba shi da aibi kam, shi ne ma abin da ya fi ƙona ni.

Yau na je sujada a nan Kaduna. Faston ya yi wa'azi a kan cewa sai Allah ya sabunta wa mutum tunaninsa kafin ya iya gane abin da ke nagari. Da a da ne, sai in ce ai ni na san nagari, ina auna shi da igiya da ma'auni kullum. Yau kuwa na kasa ɗaga kai. Shekara nawa ina roƙon Ubangiji ya gyara wa Mama ƙwaƙwalwa, ina jin haushi a ɓoye don bai yi ba. Ina cewa ina alherin nasa? Ashe ya bar mata kusurwa guda da hankalinta ke kwanciya a ciki, ni kuma na zo da shebur na rufe.

Yaya, ba na iya addu'a. Da na rufe ido sai in ga hannunta a kan fentin nan. Na aika wa Baba Kanon ya cire sunana daga masu shaida, ban gaya masa dalili ba.

Amma zan gyara. Na yi magana da yarana, za su je su farfashe komai, a nemo jar ƙasa a mayar yadda yake. Ni dai ba zan iya zuwa ba tukuna. Da wane ido zan dubi Batul?

Ki sa ni a addu'a, in zuciyarki ta yarda.

Fredrick.

*

Kusfa, Birnin Zariya.

Zuwa ga taubashina, babban ɗan kwangila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Joan ta karanta mini takardarka, na ce to, a ba ni biro.

Wallahi in na sake ganin yaranka da guduma a ƙofar gidan nan, da muciya zan tare su. Gwaggo ko faɗuwar kwano razana ta take yi yanzu, kai kuma za ka turo mata rugugi? Kuma ko ka kwaso ƙasar Zazzau duka, bangon da hannunta ya shafe tun tana yarinya ba zai dawo ba. Wannan ya wuce, sai haƙuri.

Ni ma da laifina. Na ga ana aikin, na ji daɗi a raina za a ce gidanmu ya samu tayil, na yi shiru da wuri. Saboda haka kar ka kwashe laifin duka, kai komai sai ka fi kowa.

Mun gwada dabara. Na sa ta a keke mai ƙafa uku muka zaga har Tukur-Tukur muka dawo, na ce Gwaggo ga gida mun iso. Ta leƙa ta ce direban ya ɓata hanya. Yanzu zauren ya zama nata, baƙin su ɗana Jamaluddeen a dakalin waje suke zama.

Ka ce da wane ido za ka dube ni. Da waɗannan ƙananan naka mana, da wasu gare ka? Ka zo kai kaɗai. Kar ka riƙo komai.

Allah ya ba Gwaggo sauƙi, ya kawo ka lafiya.

Batul.

*

Kusfa,
Alhamis.

Yaya Joan,

Gaisuwa a cikin Ubangiji. Ina Kusfa.

Na iso da hantsi, na same ta a zaure da ƙullinta a cinya. Ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Na ce, “Mama, ni ne na ɓata miki ɗaki, ki yafe mini.” Ba ta gane ba. Ta dube ni ta ce, “Malam, kai ma mota kake jira?”

Na ce e.

Ta matsa ta ba ni gefen tabarma. Ƙosan da Batul ta yi ta fama da ita ta ci tun safe ta ƙi, shi ta raba biyu ta miƙo mini, ta ce matafiyi ba ya zama da yunwa. Da na ci, ita ma ta ci. Can ta ce, “Ka ga kirkin Ubangiji? Tun ɗazu nake ce masa na gaji da jira ni kaɗai.”

Yaya, ni da na jawo mata wannan, ni take kira amsar addu'arta. Ban san yadda zan ɗauki wannan ba. Na dai yi kuka, ta ce in yi haƙuri, motar ba ta daɗewa.

Kafin azahar ta jingina da kafaɗata ta yi barci. Hannuna ya mutu, ban motsa ba.

Ɗakin dai har yanzu ba ta shiga ba, kuma na daina sa mata rana. Na bar wa mataimakina aikin Kaduna. In kin taso daga sujada ranar Lahadi ki biyo, za ki same mu a zaure.

Ƙaninki,
Fredrick.