Kifi Mai Sanda a Rumbun Mama Magdalene

Litinin, 25 ga Nuwamba, 2024

Na sayi waya kwance, wadda wani ya yi amfani da ita, wurin Mika mai gyara, bakin kasuwa. A cikinta na tarar da waƙoƙi talatin da ɗaya. Rubutun sunayensu ba boko ba ne, ba ajami ba. Kamar kaji sun yi tsere kan allo. Abin da na lura, kusan duk da zane guda suka fara, wani abu kamar kifi da aka soke da sanda. A makarantar allo haka muka san baƙaƙe, ha kuri, ɗa mai hannu. To wannan na raɗa masa kifi mai sanda.

Muryar yarinya ce, siririya, ga sauri. Ban gane ko kalma ɗaya ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Ba ta numfashi! Na kashe injin niƙa na saurara sau huɗu. Malam ya sha zane ni kan inda ake tsayawa a ja iska cikin tilawa, don haka kunnena ya san wurin. Wannan ba ta tsayawa. Wane irin huhu ne da ita?

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Rachael ta kawo niƙan masara, ita da ke karatu a jami'a. Na nuna mata. Ta ce yaren Japan ne, kuma ba mutum ke yi ba, na'ura ce. Mutum ya rubuta waƙar, ya ba na'ura ta rera. Na ce to yarinyar fa? Ta ce babu yarinya. Wai kifin nawa "yu" ake karanta shi, can suna jera waƙoƙi bisa sautin farko, tsohon mai wayar shafi guda kawai ya kwaso. Har waɗanda suka fara da wani zane daban, wai su ma "yu" ne. Nan kaina ya ƙara kullewa.

Babu yarinya, amma ga murya. To.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Mama Magdalene, tsohuwar da ke bayan katangarmu, ta sake kunyata ni. Tun ina ƙarami take kirana angonta, wasan kaka da jika. Yau gaban 'yan matan layi ta ce, "Angona Lukuman, gemu uku kacal, biyu ma gari ne ya manne." Har da masu riƙe ciki don dariya.

Za ta gani. Ina da 'yar sipikar nan ta bulutut, mai kama waƙa daga waya ba igiya.

Lahadi, 1 ga Disamba

Tana coci na haura na cusa sipikar ƙarƙashin jinkar rumbunta. Da la'asar ta jingina tsani za ta ɗebo dawa, ni kuma ina laɓe bayan katanga na danna waƙa ta tara, mai sanyin nan. Na yi tsammanin ihu da watsi da ƙwarya. Ba ta yi ba. Ta sauko a hankali, ta zauna gindin rumbun har waƙar ta ƙare.

Bai yi daɗi yadda na so ba. Gobe zan sa mai sauri.

Litinin, 2 ga Disamba

Na sa mai sauri. Ta zauna. Har da kawo kujera.

Laraba, 4 ga Disamba

Kwana huɗu Mama ba ta kawo niƙa ba, ita da ba ta tsallake kwana biyu. Inna ta ce ba ta ga hayaƙi a madafarta ba. Ta aike ni da tuwo.

Na ce, "Amarya, yajin girki kike mani?" Ba ta rama ba. Ta ce in zauna, in yi magana a hankali. Wai ba za ta sake buɗe rumbun ba, kada ta dami mai waƙa. Na ce wace mai waƙa? Ta ce, "Ban ce Goodness ce ba. Amma haka muryarta take, siririya."

Goodness autarta ce, ta rasu bara waccan. Ita ke jan waƙa a cocinsu. Na manta. Wallahi na manta.

Na ce ƙila rediyon wani ne. Ta ce, "Shekara arba'in ina waƙa a zumuntar mata ta coci. Mai rai sai ya ja numfashi. Wagga ba ta ja."

Abin da na ji shi ta ji. Na rasa inda zan sa idona.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ban kunna ba yau, ko za ta haƙura. Ta zauna gindin rumbun tun azahar har inuwa ta juya. Tuwon Inna na nan a rufe. Wajen ƙarfe biyar na kasa, na danna ta tara. Sai ta ci lomomi kaɗan.

In na kunna ƙarya na ƙaruwa, in na bari ba ta cin abinci. Wasa fa na fara. A ina ya daina zama wasa?

Juma'a, 6 ga Disamba

Magana ta kai garin Kanya wurin ƙanenta Solomon, tsohon soja. Ya aiko zai zo gobe ya cinna wa rumbun wuta da abin da ke ciki, tunda ya zama abin da zai kashe masa 'yar'uwa. Dawar shekara ce a ciki, ita kaɗai ta nome ta.

Zan iya zare sipikar in yi shiru. Amma zai ƙona duk da haka, ita kuma ta ce an kori ɗiyarta.

A masallaci ban ji huɗuba ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Ya zo da galan ɗin kananzir. Mama ta tsaya gaban rumbun ta buɗe hannuwa. Mutane sun cika gida. Ban san lokacin da na hau tsanin ba. Na zaro sipikar, na danna, ta rera a tafin hannuna.

Baba Solomon ya ce, "Mi ne ne wanga?" Na fara bayani, Japan, na'ura, kifi mai sanda. Bai bari na kai ƙarshe ba. Kunnena na hagu har yanzu ƙara yake.

Marin da sauƙi. Mama ce ta dubi abin da ke hannuna ta ce, "Ba kowa a ciki?" Na ce ba kowa, Mama. Ta ce, "To, Lukuman." Sunana zalla. Ta shige ɗaki.

Dawa ta tsira.

Litinin, 9 ga Disamba

Na ɗebo mata dawa, na niƙa, na ajiye bakin ƙofa. Ba ta amsa gaisuwata ba. Amma da rana na ga hayaƙi.

Talata, 10 ga Disamba

Rachael ta duba mani. Wai yawancin waƙoƙin kan mafarki ne, da faɗuwar rana, da ƙanƙarar da ke zuba a ƙasarsu. Na tambaye ta ta taran fa? Ta ce wani ne ke jiran wanda ba zai dawo ba. Ashe mutum ne ya zauna da ciwonsa, ya ba abin da ba ya jin ciwo ya faɗa. Don me? Ban gane ba.

Juma'a, 13 ga Disamba

Ta kira ni ta kan katanga. "Kawo 'yar taka." Na sa ta tara. Na faɗa mata abin da Rachael ta ce. Ta ce, "Wanda ya rubuta, Allah ya ba shi haƙuri." Ana tsakiya ta ce in kashe, in ji ta masu rai.

Ta yi wadda Goodness ke ja, da yarensu na C'lela. Muryar na rawa, tana yankewa. Ban san ina ƙirgawa ba sai da ta gama: sau goma sha ɗaya ta ja numfashi. A na bakwai ta daɗe, na ɗauka ba za ta ci gaba ba.

Da zan fita ta ce, "Ango, goge garin gemunka, na gaskiyar sun zama biyu."

Akwai wani ƙadangaren roba cikin aljihuna tun safe, na tanada in jefa a kwandon Rachael in tsorata ta. Ta zo, na niƙa mata, ta tafi. Yana nan a aljihun. Mantuwa ce kawai.