Kwanona Daban

Litinin, 5 ga Satumba 1960
Tsaka iri huɗu ke nan na tara cikin kwalabe. Baturen da ke nazarin dabbobi a Ikko ya rubuto: zai koma gida ƙarshen Oktoba, in aika kafin nan, zai sa sunana a littafinsa. Amma fa yana son tsakar ƙasa mai fatar ido, wadda ba ta hawa bango. Ina zan gano ta? Duk Bagudo tsaka tsaka ce, takalmi kawai ake neman mata.

Juma'a, 9 ga Satumba
Ruƙayyatu ta ware min kwano da moɗa. Matata ta aure! Wai hannun da ya taɓa tsaka ba ya shiga tuwonta, tsaka ke kawo kuturta. Na buɗe mata littafi, na nuna ta bango mai faɗin yatsu, ta bishiya mai siririn jiki. Ta ce, "Malam, ni ba ɗiyar makarantakka ba ce." Raina ya ɓaci matuƙa.

Talata, 13 ga Satumba
Na tuƙa keke har iyakar Dahomi. Wani Sambo mai kamun kifi ya rantse ya kama min mai fatar idon. Ƙadangare ne. Ƙadangare!

Laraba, 21 ga Satumba
Biyu daga cikin huɗun ashe iri ɗaya ne, wutsiyar ɗaya ce ta katse ta sake tofowa. Saura uku. Na ci tuwo ni kaɗai a zaure kamar baƙo.

Asabar, 1 ga Oktoba
An sami mulkin kai. Na jera 'yan ajina, an ɗaga tuta, an ci shinkafa. Ƙasa ta 'yantu, kwanona yana nan bayan randa.

Talata, 4 ga Oktoba
Inna Dela, gwaggon Ruƙayyatu, ta zo daga Geza. Na kai mata ƙara, ina jiran ta goya min baya. Ta dube ni ta ce, "Kai da ka san yatsun tsaka, ka san yatsun surukinka nawa sunka rage da ya rasu?" Na san surukina Na'Allah ya yi jinya. Ban san cutar ba. Ruƙayyatu ce ke ba shi abinci a baki, tana 'yar shekara tara, kwanonsa daban. Shekara shida muna tare ban taɓa tambaya ba.

Har yanzu na ce tsaka ba ta kawo kuturta.

Alhamis, 6 ga Oktoba
Na kwashe kwalaben na kai sito na makaranta. Ɗakinmu ya yi ƙanƙanta, shi ke nan dalili. Na wanke hannu da sabulu sau uku a tsakar gida, inda za a gani.

Da azahar ta kawo tuwo. Ta ce, ba ta dube ni ba, tsakar nan mai ƙifta ido tana ƙarƙashin duwatsun rumbun babanta a Geza, wutsiyarta kamar kai na biyu. Tun ranar farko ta sani.

Baturen zai iya jira har Asabar in je Geza. Kwano ɗaya ta kawo mana.