Wa Ya Ba Su Lambar Kawu Daudu?

Batsari, Lahadi

Yaya Zuwairatu,

Wa ya ba mutanen daji, 'yan bindigar nan, lambar Kawu Daudu? Yi haƙuri, tambaya ta riga sallama. Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Na rubuto a takarda ne don na daina yarda da waya.

Kin san an kori masu yankan tikiti a wurin ajiye babura na kasuwa, an ce sai dai a biya ta manhaja. Dattawan ƙauyenmu Darini kuwa ƙaramar waya rakani-kashi ce a aljihunsu. Sai suka zagaye ni: "Tayyib, kai da ka koya wa kanka boko, cike mana." Na cike. Suna, hoto, lambar waya, lambar babur, ƙauye, duk ta wayata.

Shekaranjiya aka kira Kawu, aka faɗa masa launin babur ɗinsa da lokacin da yake barin kasuwa. Masu manhajar kuma suka turo saƙo da Turanci, wai ɓarayin intanet sun shiga rumbun bayanansu, kowa ya canza lambar sirri. Lambar sirri na canza. Fuskar Kawu fa, a wane shago ake canza ta?

Ki gaida maigida.
Ƙaninki, Tayyib

Safana, Juma'a

Tayyib,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Da fatan ka tashi lafiya.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Jiya an tare Kawu a hanyar komawa daga kasuwa. An tsinci buhunsa, shi ba a gan shi ba.

Mero, maƙwabciyarmu ta gida, ta zo daga Darini. Ta ce a ƙofar masallaci an lura cewa duk wanda aka kira, kai ka cike masa. Ba wanda ke zancen manhaja, ba su san mece ce ba. Kai suka sani. An fara ce maka infoma, mai kai wa mutanen daji rahoto, kuma ka san abin da ake yi wa wanda aka kira da sunan nan.

Kada ka je gida. Ka taho Safana, don Allah, ka riƙe bakinka.

Allah ya tsare.
Yayarka, Zuwairatu

Batsari, Talata

Yaya,

Sallama. Saƙo ya iso.

Na je ofishin masu manhajar, kwaɗo ne a ƙofa. Na kira lambarsu, kiɗa suka sa mini. Na haɗu da Kamalu, ɗan Kawu, wanda muka ci tuwo kwano ɗaya. Na miƙa masa hannu, ya sa nasa a aljihu.

In na gudu, na amsa laifi. In na zauna, kin sani.

Ranar Alhamis zan tsaya inda ake ajiye babura. Zan yi ta kira sai wanda ya kawo manhajar nan ya zo ya riƙe lasifika, ya faɗa wa mutanen Darini da Hausa hannun da sunayensu suka bi. A gaban Kamalu nake so ya faɗa.

Ki yafe ni.
Tayyib