Rabin da Babanka Ya Tafi da Shi

Zuwa ga ɗana, Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da takwarata. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau. Ƙafata ta daina kumburi tun da na rage tsayuwa. Ƙanwarka ta koma bakin aikinta, tana leƙo ni da yamma. Baffanka ya zo ya gyara famfon bayan shago, ko zama bai yi ba, ya ce ba ya iya kallon kujerar yayansa. Masu gaisuwar rasuwa sun ɗauke ƙafa. Na buɗe shago, sai dai na daina karɓar barguna da labule, don in sun jiƙe ba na iya ɗaga su ni kaɗai.

Ka tambaye ni ko na bar ajin Sifaniyanci. Ban bari ba. Ka san don takwara muka shiga, ni da babanka, tunda ita harshen uwarta kaɗai take ji. Amma akwai yadda muke karatun da ba ka sani ba. Da muka haye aji na tsakiya, malamarmu ta ba mu takardu cike da kalmomin aiki, aikatau take ce musu, an jera su bi da bi daga harafin farko zuwa na ƙarshe, kowace da yadda take juyawa in jiya ne, ko yau, ko gobe. Babanka ya juya su a kan teburin guga, ya ce wannan kaya ya fi ƙarfin kai ɗaya. Sai ya raba su gida biyu, yadda muka raba komai a shago tun kafin a haife ka, shi wanki ni guga. Ya ba ni na sama, ya riƙe na ƙasa. A nawa akwai abrir, buɗewa, da comer, ci, da dormir, barci. Ya yi ta dariya, wai rabo ya san mai shi, ci da barci sun faɗo hannun gwanarsu. Na ce masa ai da lavar a ciki, wanki, kuma ba zan karɓi aikinsa ba don an rubuta shi a takardata.

Haka muka yi ta tafiya. Shi yana rera nasa a gaban injin wanki, ni ina bitar nawa a kan rigunan ma'aikatan otal. A aji kujerunmu a manne suke. In malama ta jefo tambaya daga rabinsa sai ya raɗa mini, in daga nawa ne sai in zungure shi da gwiwa in faɗa masa. Ba mu ɓoye mata ba. Takan ce mu ɗalibi ɗaya ne mai kai biyu. In kun kira waya ma haka ne, ni in fara, shi ya ƙarasa, takwara tana ta ƙyalƙyala dariya.

Da na koma aji bayan rasuwarsa na tarar an ɗauke kujerarsa an kai bayan ɗaki. Wani direban motar kaya da ke zama a bayanmu ne ya yi hakan, ya ce don kada in riƙa ganinta. Na yi masa godiya. Aka fara darasi, malama ta tambaye ni wata kalma, na juya dama ina jira. Ba wanda ya yi magana. A ranar na gane cewa zan iya cewa na buɗe, na ci, na saya, na yi barci, amma ban iya cewa ina so ba, ko ina da shi, ko ki zo. Duk suna rabin ƙasa.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ran Lahadin da ta wuce, bayan na tambayi takwara ko ta ci abinci, ko ta yi barci da kyau, sai ta yi mini wata tambaya, ta kuma maimaita. Na ji abuelo, na san kaka namiji ke nan. Ɗayar kalmar ban san ta ba. Kai kuma ka karɓe wayar da sauri, ka ce gaishe ni kawai take yi. Ban musa maka ba. Amma na riƙe sautin a bakina, ina ta nanata shi a kan guga don kada ya tsere, har ranar aji. Na tsaya bayan kowa ya fita na faɗa wa malama. Ta cire tabaronta ta daɗe tana gogewa. Daga baya ta ce vuelve ne, daga volver, komowa. Yarinyar tana tambaya ne ko kakanta zai dawo.

Ba na ganin laifinka, Babana. Na san tausayina ka ji. Na kuma fahimci ba ku gaya mata ba, ko kun ce mata ya yi tafiya. Amma yarinya ta yi wa kakarta tambaya sau biyu, kakar ta amsa mata da zancen abinci. In aka ci gaba a haka za ta daina tambayata komai, wayar ta zama gaisuwar dole da ake tura ta ta yi. Na riga na lura ta fara miƙa maka wayar da wuri.

Malama ta ce in ina so in koma ajin farko in huta. Na ce a'a, ta ba ni rabin ƙasa kawai. Nasa takardun suna aljihun rigar aikinsa, ruwa da sabulu sun cinye rubutun. Ta ba ni sababbi. Yanzu da ni ke wankin, a gaban injin nake karanta su. Suna da taurin kai, ba sa juyawa yadda nawa suke yi, kuma ƙarar injin ba ta barin mutum ya ji kansa. Ban san yadda ya yi ba. Ban yi nisa ba, amma na haɗa abin da zan ce mata, malama ta gyara mini, direban nan kuma yana sauraro in na biya. Zan ce kaka ba zai dawo ba. Zan ce yana sonta ƙwarai. Zan ce ni ina nan, kuma ina so ta zo.

Ka shawarci matarka tukuna, ita ce uwa. In ta ga bai yi ba yanzu, zan jira. Ka gaishe ta da kyau, ka ce na gode da hotunan. Ka gaishe da surukanka. Ƙanwarka da baffanka da gwaggonka duk suna gaisuwa. Allah ya jiƙan babanka, ya sa ya huta.

In ta yarda, to ran Lahadi ka miƙa wa takwara wayar ka koma gefe. Za ka ji na yi shiru ina laluben kalma, wataƙila shirun ya yi tsawo. Kada ka karɓa.

Ni ce mahaifiyarka.